Tsaya-Haka Ya Gyara Hoton Ƙwaƙwalwarsa

A layin da shagonsa yake, in aka ambaci Tsaya-Haka ba a farawa da shekaru talatin da ya yi yana ɗaukar mutane hoto. Da safiyar nan ake farawa, wadda ya zauna bakin taga, ya fiƙe fensir, ya gyara hoton ƙwaƙwalwarsa kafin ya kai wa likita. Har waɗanda suka tare a unguwar bara sun san labarin, wasunsu ma sun fi mai shi iya ba da shi.

Sunan daga bakinsa ya fito. Duk wanda ya zauna a kujerar shagon, gaban labulen nan mai zanen teku da jirgin ruwa, sai ya ji abu uku a jere: ɗaga haɓa, sauke kafaɗa, tsaya haka. Waɗanda ya ɗauka suna goye su ne yanzu ke kawo nasu 'ya'yan, kuma da wuya ka sami mai tuna sunansa na ainihi. Matarsa ma, in ranta ya ɓaci, da wannan take kiransa.

A wurinsa ɗaukar hoto ba wani abu ba ne, tunda waya ta shiga hannun kowa har da masu yanke wa mutane kai a hoto. Gyara shi ne sana'a. Ya koyi aikin tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu, a shafa masa wani ruwa mai danƙo don fensir ya kama, a ɗora gilashin ƙara girma, a bi fuska ɗigo-ɗigo. Babu fuskar da ta taɓa fita daga shagonsa da ƙurji. An taɓa koro wani dattijo daga ofishin katin shaida, aka ce wanda ke cikin hoton ya yi kama da ƙanensa. Dattijon ya dawo yana huci, Tsaya-Haka kuwa har yau yana lissafa wannan cikin manyan yabon da aka taɓa yi masa. Da kwamfuta ta zo ya koya, ba don yana so ba, amma fensiransa suna nan cikin gwangwani a aljihun tebur. Yana kuma da aƙida guda da ba ta girgiza: duk wani farin tabo a jikin hoto, laifin mai ɗauka ne ko mai wanki.

Ya ɗan haura hamsin lokacin da ƙishirwa ta same shi. Ba irin wadda kofi biyu ke kashewa ba. Ya fara da gora, ya koma jarka, ya ajiye ta ƙarƙashin tebur kusa da ƙafarsa. Abin da ya shiga kuwa dole ya fita, don haka sau da yawa tsakanin "ɗaga haɓa" da "tsaya haka" sai a neme shi a rasa, a bar mutum da haɓa a sama har wuya ya ƙage. Sau uku ana gwada masa ciwon suga, sau uku ana cewa babu. Can bayan shekara guda tafiyarsa ta canza. Ya riƙa buɗe ƙafafu yana tangaɗi, kamar yana kan jirgin ruwan da ke jikin labulensa. Daga nan harshe ya yi nauyi, kalmomi suka riƙa fitowa a ja.

Layin yana da nasa likitocin. Akwai mai aski, akwai mai faci, sannan akwai Tela, wanda bango ɗaya ya raba shagonsa da na Tsaya-Haka, abokin wasansa na shekara ashirin da biyar. Suka haɗa jarkar da ba ta rabuwa da shi, da tangaɗi, da nauyin harshe, suka gama bincike ba tare da sun ɗauki jinin kowa ba. Babu wanda ya faɗa masa a fuska. Sai dai gaisuwa ta ƙara tsawo, ana rufe ta da addu'ar Allah ya shirye mu baki ɗaya, ana kallon ƙasan teburinsa. Iyaye mata da a da suke miƙa masa jariri ya gyara masa zama, yanzu sai su ce bari kawai, zan riƙe shi. Shugabar makarantar da ke turo masa ɗalibai duk shekara ta gano wani mai hoto a can nesa.

Wata rana Tela ya shigo aron almakashi. Tela, mai almakashi huɗu rataye a bango, ya zo aro wurin mai hoto. Tsaya-Haka ya juya yana lalube a aljihun tebur, sai ya hango shi ta madubin da mutane ke gyara kwala: ya sunkuya, ya buɗe murfin jarkar, ya kai hanci. Ya juyo ya ba shi almakashin. Amma ranar bai iya cin abincin rana ba. Mutum ne da bai taɓa sanin ɗanɗanon giya ba, kuma bai tara komai a duniya ba sai wannan sunan, na wanda ake iya miƙa wa jariri.

Matarsa ta san gaskiya, don ita ke cika jarkar a famfo kowace safiya. Ta ɗaura gyale ta bi maƙwabta tana shaida musu cewa da hannunta take zuba masa. Kafin mako ya zagayo labari ya zama ita ke dafawa.

Ita ce ta tasa shi gaba zuwa asibiti, Tela ya biyo su da sunan rakiya. Likitan da suka samu mutum ne mai kirki da ke ganin mutum ɗari kafin azahar, yana rubutu tun kafin ka gama zama. Ya ce a yo hoton ƙwaƙwalwa. Aka kwantar da Tsaya-Haka a wani gado siriri, aka zura shi cikin inji mai kama da bakin rijiya a kwance. Matar da ke kula da injin ta yi magana ta lasifika, ta ce, "Baba, ɗan ɗaga haɓa. Yauwa. Tsaya haka, kada ka motsa." Ya kwanta cikin ƙarar injin yana tunanin ashe haka mutane ke ji. Ya kuma yi tunanin cewa mai hoton da zai kwashe minti arba'in a kan kai ɗaya ba zai daɗe a kasuwa ba.

Aka ba shi fim a babban ambulan. Takardar bayani kuwa aka ce sai mai karanta hotunan ya zo, shi kaɗai ne a asibiti huɗu, a dawo mako mai zuwa. Likita kuma jibi ya ce a koma.

Washegari da safe, kafin ya buɗe shago, ya zaro fim ɗin ya ɗaga a taga. Ƙananan hotuna ne a jere, layi-layi, kamar takardar fasfo kafin a yanka. Ya yaba da aikin, komai ya fito raɗau. Sai idonsa ya kai layin ƙasa, inda aka ɗauko ɓangaren ƙeya. Ga wasu fararen tabo biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, girmansu ɗaya, tsayinsu ɗaya. Ya duba hoto na gaba, suna nan a wuri ɗaya. Na gaba ma haka, har guda biyar.

Ya girgiza kai. Wannan ko ɗan koyo ya san shi. Tabon da ke maimaita kansa a wuri ɗaya, datti ne a gilashin inji. Cuta kuwa ai ba ta yawo da rula, bare ta auna dama da hagu daidai. Ya tuna matar nan mai ladabi da ta kira shi Baba, ya ga in likita ya ga wannan ƙazanta ita za a yi wa faɗa. Ban da haka, a ganinsa rashin kunya ne mutum kamarsa ya miƙa wa babban mutum hoto da datti.

Ya fito da gwangwanin. Ciwon ya sa hannun dama yana rawa, don haka ya naɗe tawul ya ɗora tsintsiyar hannun a kai, ya danne da na hagu. Ya shafa ruwan danƙo, ya fiƙe fensir har ya yi tsinin allura, ya shiga bi ɗigo-ɗigo, yana tsayawa ya kurɓi ruwa, ya zagaya, ya dawo. Awa uku ya yi. Da ya gama ya ɗaga a taga, shi kansa sai da ya nemi inda tabon suke ya rasa. Rabon da ya ji daɗin aiki haka tun kafin ƙishirwa.

Washegari da suka koma, likita ya ɗaga fim ɗin a tasa tagar, ya duba gwargwadon lokacin da mutum zai ƙirga biyar, ya ce ƙwaƙwalwa tas take, babu komai. Sannan ya rage murya, irin ragewar da ake ji har bakin ƙofa, ya tambaye shi ko akwai wani abu da yake ɗan sha. Ya ce ruwa. Likita ya yi murmushin wanda ya saba jin wannan amsa, ya rubuta masa maganin ƙarin kuzari, ya ce a daure a rage. Tela yana kan benci a bakin ƙofa.

Haka Tsaya-Haka ya fito da abu biyu a ransa da suka ƙi haɗuwa. Likita guda ya duba aikinsa bai ga sawun fensir ba. Kuma yanzu abin da layi ke faɗa a ɓoye ya sami hatimin asibiti. Bai taɓa kawo wa ransa cewa na farkon ne ya haifi na biyun ba. Shi dai ya share datti ne, kamar kullum.

Wata huɗu aka yi a haka. Duk mako matarsa na zuwa neman takardar bayani, duk mako ana ce mata mako mai zuwa. A layi kuwa an daina tsegumi, an koma tausayi, wanda ya fi ciwo. Mai aski ya daina karɓar kuɗinsa. Ana yi masa magana a hankali, ana maimaitawa. Daga ƙarshe Tela da mai aski suka yanke shawarar ceto shi. Wata rana da hantsi, yana bayan gida, suka ɗauke jarkar suka kulle a shagon Tela, suka zo suka zauna masa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suna ba shi labarin mutanen da suka daina kuma suka ga amfani. Ya roƙe su ruwa. Suka ce sun san irin ruwan. Ya ce to su kawo na famfo da hannunsu. Tela ya kawo rabin kofi, ya ce a hankali ake yaye mutum. Kafin la'asar leɓɓansa sun bushe, idanunsa sun faɗa, ya miƙe zai fita sai ya zube a gaban jirgin ruwa.

A babban asibiti ya farfaɗo, da ƙarin ruwa a hannu. Likitar da ke kansa dattijuwa ce mai tabarau rataye da igiya, ba ta da sauri ko kaɗan. Ta ce gishirin jininsa ya hau sama sosai, fitsarinsa kuma ba shi da maraba da ruwan famfo, mutumin nan jikinsa ba ya riƙe ruwa, wa ya hana shi sha? Tela ya shiga duban silin. Ta sa Tsaya-Haka ya yi tafiya a gabanta, ta sa ya taɓa hancinsa da yatsa, yatsan ya sauka a kunci. Ta tambaya ko an taɓa yi masa hoton kai. Matarsa ta zaro ambulan daga jaka, don da shi take yawo.

Likita ta maƙala fim ɗin a allon fitila ta daɗe tana kallo. Ta nuna wani wuri a tsakiya, ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ta ce nan akwai wata 'yar jijiya da saƙon riƙe ruwa ke bi, tasa ta yi kauri, kuma akwai wani ɗan ɗigon haske da ya kamata a gani a ƙasanta, babu shi. Wannan ya bayyana ƙishirwa. Amma ɓangaren ƙeya, mai kula da daidaiton tafiya da harshe, shi ya ɗaure mata kai. Mai tafiya irin tasa ta zaci za ta ga wani abu a nan. Ta matsa kusa, ta ce shekara da shekaru tana duba irin waɗannan hotuna, ba ta taɓa ganin wuri mai santsi da tsabta haka ba.

Tsaya-Haka ya gyara zama a kan gado. "Na gode, Likita," ya ce.

Ta juyo ta tambaye shi godiyar mece ce. Ya ce ai ba kowa ke gane aiki ba. Ya shiga yi mata bayani dalla-dalla, da dattin gilashi, da tabo biyu masu kama da juna, da tawul, da irin fensirin da ya dace da irin wannan fim. Ya roƙe ta kada a yi wa matar injin faɗa. Yana magana yana lura matarsa ta dafe kai da hannu biyu.

Likita ta cire fim ɗin daga allo, ta karkata shi a ƙarƙashin fitila. Wurare goma suka yi ƙyalli, kamar gwiwar tsohon wando. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Malam, ɗigon hasken nan da na ce babu, shi ma kai ka share?"

Nan ransa ya ɗan sosu. Ya ce shi ba ya taɓa abin da ba lahani ba ne, wannan haka ya zo.

Ta ce da sai a sake hoton, amma injin ya tsaya tun watan jiya, ana jiran wani ƙarfe da ke kan hanya. Ta tambaya ko abin yana gogewa. Ya ƙura wa fim ɗin ido. Yana gogewa mana, auduga da ɗan sifirit, minti biyar. Sai dai shekara talatin yana cire tabo, bai taɓa mayar da ko ɗaya ba, kuma wannan shi ne aiki mafi kyau da hannunsa ya yi tun da ya fara rawa. Ya dubi Tela, wanda ke tsaye jikin bango da jarkar a rungume, ya kawo ta tun daga layi bai san inda zai ajiye ba. Sannan Tsaya-Haka ya ce wa wata nas ta ba shi auduga.

A kan teburin likita ya yi aikin, matarsa na riƙe masa tsintsiyar hannu. Kowace shafa ɗaya sai farin tabo ya leƙo, dama da hagu, kamar idanun mage. Da ya zo kan hoto na biyar likita ta tsayar da shi, ta ce huɗu sun ishe ta, wannan a bar shi yadda yake, tana so ɗalibanta su gani.

Sannan ta kira Tela ya matso. Ta ce wannan daidaiton da Malam ya ɗauka dattin inji ne, shi ne ainihin alamar da take nema. A jikin kowa akwai ƙwayoyin garkuwa, masu gadin jiki. A wasu mutane ƙalilan wani iri daga cikinsu yakan yi ta hayayyafa, ya je ya tare inda ba a tura shi ba, a ƙashi, a fata, a jijiyar nan ta ruwa, ɓarnar kuma takan kai har ƙeya. A duk aikinta sau biyu ta gani, duka a ƙananan yara. Ta tambayi Tsaya-Haka ko akwai inda ke masa ciwo a ƙashi. Ya cire hula, ya nuna wani ɗan kumburi bayan kunne da ya shekara yana karkata hular a kansa, don shi ma lahani ne. Ta ce daga nan za a ɗan ɗiba a gwada, shi zai tabbatar.

Tela ya tambaya a hankali, to ita jarkar fa? Matar Tsaya-Haka ce ta amsa. Ta ce ai ga ta nan a hannunsa, tunda hancinsa ya kasa, ya sha ya ji.

Gwajin ya tabbatar. Aka ɗora shi a kan wata 'yar ƙwaya da ta kashe ƙishirwar cikin kwana biyu, har ya zauna yana kallon kofi rabi da ya kasa shanyewa kamar wani abin al'ajabi. Aka shiga ba shi maganin ƙwayoyin nan wata da watanni. Kumburin ya saɓe, harshe ya ɗan saki. Tafiyar ce ba ta dawo duka ba, har yau da sanda yake zuwa shago. Likita ba ta ɓoye masa ba, ta ce watanni huɗun nan da an same su da sun yi amfani, ko da yake ba za ta iya rantsuwa a kan nawa ba. Ya karɓi maganar bai yi musu ba. Takardar bayani kuwa ta iso bayan wata bakwai, ta faɗi duk abin da likita ta faɗa, ta kuma ba da shawarar a gaggauta.

Ya roƙi a ara masa fim ɗin na mako guda. Ya rataye shi a gilashin shago, tsakanin hotunan angwaye da na 'yan makaranta, ya kunna fitila a bayansa. Layi gaba ɗaya ya zo kallo. A nan aka gano cewa tun farko kowa ya san ciwo ne. Mai faci ya ce shi tun ranar da ya ga tafiyar ya faɗa, ba a dai saurare shi ba. Mai aski ya koma karɓar kuɗinsa, wanda Tsaya-Haka ya fi jin daɗinsa a kan duk wani ban haƙuri. Ranar Laraba wata mata ta shigo da jariri, ta miƙa masa. Ya zauna tukuna kafin ya karɓa.

Tela bai iya ba da haƙuri da baki ba. Ya ɗinka masa ɗan matashin ɗora hannu, da ragowar yadi mai tsada, ya ajiye a kan tebur ya fita. Bayan kwana uku wasa ya dawo inda aka bar shi. Yanzu in sun zauna a benci da yamma, Tela kan ce za a yi masa hoton ƙirji wata mai zuwa, zai biyo da shi ta shago a ɗan taɓa masa kafin likita ya gani, ko a rage masa shekara goma a huhu. Mai aski ya ce ai duk duniya babu wanda ya taɓa shafa wa ƙwaƙwalwarsa hoda sai mutumin nan.

Tsaya-Haka yakan bari su gama dariya, ya jingina sandarsa, ya ce, "Ku dai faɗi abin da za ku faɗa. Likita guda ya ɗaga a taga bai gani ba, ta biyun ma sai da na gaya mata da bakina. Da hannu mai rawa ke nan fa. Kai kuma, Tela, jiya na ga aljihun da ka ɗinka wa mai faci, ɗaya ya fi ɗaya tsawo."